Daga Rairayin Tebaram zuwa Titunan Rabat: Zaman Ɗalibi Mai Keken Guragu

Garin Tebaram yana yamma da birnin Tawa, can gefen Adar inda duwatsu suke ƙarewa rairayi ya karɓi ƙasa. Mutanensa manoman hatsi ne da makiyaya, kuma kamar sauran Adarawa an san su da tafiya biɗa: da an gama girbi sai samari su kama hanyar Abijan, ko Legas, ko Libiya. To, cikin matafiyan akwai wani da ba a cika lissafawa ba, shi ne ɗalibin da shan inna ko hatsari ya raba da ƙafafunsa, amma ya jure har ya ci bak, ya samu bursi, ya tashi neman ilimi ƙasar waje. An shelanta ranar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, sai dai yaran da cutar ta kama kafin nan su ne yau suka kai munzalin shiga jami'a.

Abin hawan irin wannan yaro a gida shi ne keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda suke haɗawa da ƙarfen bututu da kayan keken hawa. Yana da nauyi, yana da tsawo, amma ya san ƙasarsa. In sarƙa ta tsinke ko ƙaya ta huda taya, kowane mai faci a kasuwar Tawa zai gyara shi kafin a sha shayin farko. In ya kafe cikin rairayi, ba a rasa yaro ko mai wucewa da zai tura. Da shi ake zuwa lakkwal, da shi ake zaman shekarun lise a gidan mai masauki.

Rabuwa da wannan keke ita ce farkon baƙunci. Daga Tawa zuwa Yamai, ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar ta haura kilomita 500, cikin motar da matakalarta ba ta hawuwa sai a kafaɗar wani. Keken mai ƙafa uku ba na shiga jirgin sama ba ne, don haka sai an nemi na asibiti mai naɗewa. Shi ma a bakin jirgi ake karɓe shi a sa cikin kaya, a ɗora mai shi bisa wata ƴar siririyar kujera a kai shi mazauninsa. Daga Yamai zuwa Kazablanka kusan awa huɗu ne, kuma wanda ya san halin makewayin jirgi yakan ƙaurace ma ruwa tun da maraice.

Ƙasar Maroko ta daɗe tana karɓar ɗaliban Nijar. Hukumar AMCI, wadda aka kafa a 1986, ita ke raba guraben karatu ga ƙasashen Afirka, kuma shekaru da dama kuɗin da take ba ɗalibi dirhami 750 ne a wata, wato wajen jika 45. Ana rarraba ɗalibai Fas, Marrakesh, Wujda, Tanja da sauran garuruwa. Ga mai lafiyar ƙafa wannan rabo na takarda ne kawai, amma ga mai keke shi ke yanke yadda shekarunsa za su kasance, domin Rabat da Kazablanka ne kaɗai suke da jirgin cikin gari da ake ce ma taramwe.

Taramwen Rabat ya fara aiki a watan Mayu 2011. Yana haɗa Rabat da maƙwabciyarta Sale bisa gadar kogin Buregreg, layinsa na farko kuma yana kaiwa unguwar makarantu ta Madinatul Irfan. Daɓensa daidai yake da dandamalin jira, ƙofarsa mai faɗi ce, akwai kuma wurin da aka keɓe ma keke. Mutumin da duk rayuwarsa ɗaukarsa ake a sa cikin mota kamar buhun hatsi, ran da ya garzaya da kansa ya shiga, ya biya tikitinsa, ya sauka inda ya ga dama bai roƙi kowa ba, ya ɗanɗana wani abu da masu ƙafafu ba su san yana da daɗi ba.

Sai dai alherin bai wuce tsawon layin dogo ba. Da an bar babban titi sai a tarar da mota ta hau hanyar masu ƙafa, ko mai gahawa ya jera kujerunsa a kai, dole mai keke ya gangara cikin motoci. Ƴan ƙananan taksi masu launin shuɗi ba kowane direbansu ke son tsayawa ya naɗe keke ya neme masa wuri ba. A tsohon gari, titin Suwiƙa yana biyuwa in ba lokacin cunkoso ba, amma lungunan Kasbar Udaya hawa ne da matakala. Maroko ta yi dokar sauƙaƙe shiga gine-gine a 2003, ta ƙara da wata ta kare naƙasassu a 2016, kuma binciken da ta yi a 2014 ya nuna kashi 6.8 cikin ɗari na mutanenta suna da naƙasa. Amma can ma, kamar ko'ina, doka ta fi birkila sauri.

Babban tashin hankali shi ne masauki. Wanda ya samu ɗaki a ƙasan bene a gidan ɗaliban ƙasashen waje na Hay Riyad ya gode Allah. Wanda ya fita haya kuwa, gidaje masu araha galibi a saman bene suke, babu na'urar hawa, makewayi kuma ƙofarsa ba ta karɓar faɗin keke. Shi ya sa kafin ya tambayi kuɗin haya sai ya auna ƙofa. Haka yake auna ɗakin karatu, da ofishin da ake sabunta takardar zama, da masallacin da zai yi Juma'a. Ranarsa tun da dare ake tsara ta: ina za a bi, matakala nawa ce, wa za a tarar a wurin.

Ga kuma hunturu. A Adar sanyi busasshe ne, ruwa kuma da damina yake zuwa. A Rabat su biyun tare suke sauka daga Nuwamba zuwa Maris, da laimar teku mai ratsa bango. Zoben taya ya jiƙe ya yi santsi, tafin hannu ya tsage, ƙafar da ba ta motsi ta ɗauki sanyi ta ƙi saki.

Abin da ke riƙe shi su ne ƴan uwansa ɗalibai. Su ke ɗaga keke mutum huɗu in darasi ya faɗa sama, su ke zuwa kasuwa, su ke dafa shinkafa da wake ran da kewar gida ta taso. Mutanen gari ma ba su da ƙyashin taimako, musamman in baƙo ya iya gaisuwa da Larabcinsu na Darija. Amma ɗalibi yana lissafi: wanda ya ɗauke ka jiya kana jin nauyin kiransa yau. A Tebaram hannu ya wadata, hanya ce babu. A Rabat akwai hanya wani wuri, hannu kuwa sai ka nema.

Bayan shekara uku ko biyar sai a dawo da digiri, a tarar keken da ya yi gudu a Rabat ba ya yin taku biyar cikin rairayin ƙofar gida. Nan ne maganar ta shafi mai karatu. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen Nijar naƙasassu ne. Tun 1993 aka yi dokar kare su, wadda ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A 2008 ƙasa ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a Disamba 2019 kuma aka yi sabuwar doka. Tawa ma yanzu tana da jami'arta mai sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Takardu dai sun cika, saura aiki.

Aikin kuwa ba na gwamnati kaɗai ba ne. Ɗan kasuwar da ke gina kanti ko bene, in ya sa birkila ya zuba gangara a gefen matakala ya faɗaɗa ƙofa, abin da zai kashe bai taka kara ya karya ba. Ma'aikacin da ke shirya takardun bursi, in ya rubuta cewa ɗalibin nan mai keke ne, a nemo masa gari mai taramwe da ɗakin ƙasa, ya rage masa wahalar shekaru da layi guda. Darektan lakkwal kuma yana iya sauko da aji ƙasa saboda yaro ɗaya. Wanda ya ratsa rairayin Adar da damtsensa har ya haye Sahara ya dawo da ilimi, bai kamata matakala uku ta tsayar da shi a ƙofar ofis ba. Allah ya ba masu iko ikon gyarawa.