Abin Da Wani Akawu Ya Gani A Bergen

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwa masu karatu abin da na gani a Bergen, wani birni na bakin teku a ƙasar Norwe. Ni akawu ne, tun da na fita makarantar mishan ba ni da aiki sai rubuta shiga da fitar kaya. Saboda haka kada a yi mamaki in hankalina ya fi tsayawa ga ciniki bisa ga duwatsu da ruwa.

A bakin tashar jirage akwai wata unguwa, sunanta Bryggen. Gidajen katako ne jere, masu tsinin kai, sun jingina da juna kamar tsofaffi, lungunansu da duhu ko da rana tsaka. Nan fataken Jamus suka kafa zangonsu wajen 1360. Ƙungiyarsu ana ce mata Hansa, uwarta birnin Lubek, tana kuma da irin wannan zango a Landan, da Bruges, da Novgorod ta ƙasar Rasha. Gobara ta cinye unguwar a 1702, aka sake gina ta bisa tsohon fasali. Gidaje 62 suka rage, a 1979 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya.

Cinikinsu na hatsi da kifi ne. Can arewa sanyi ya hana noma yin albarka, amma Allah ya hore musu kifi. Masunta su kama, su rataye shi a iska ba gishiri, har ya bushe ya yi tauri kamar itace, sa'an nan su kawo Bergen a musanya musu da hatsi. Jama'a, kifin nan kun san shi, shi ne wanda Ibo ke kira okporoko, har yau ana kawo mana shi daga Norwe.

Zaman fataken nan kuwa sai wanda ya daure. Maza ne zalla, an hana su aure. An hana hura wuta a gidajen kwana duk tsananin ɗari, sai a ɗakunan taro da ke baya, inda ake dafa abinci, ake shari'a, ake koya wa yara lissafi. Na shiga ɗakunan na zauna kan bencinsu. Yaro ɗan koyo kuwa, kafin a karɓe shi sai an rataye shi cikin hayaƙi, an yi masa bulala, wai wasa ne. Assha!

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Masunci yakan karɓi hatsi bashi, a rubuta zai biya da kifin baɗi. Baɗi ta zo, kifin bai kai ba, a ƙara rubutawa. Ta haka yake ɗaure ga attajiri ɗaya, in ya mutu bashin ya bi ɗansa. Gaskiya kam, ko shekarar da teku ta hana kifi attajirin yakan ba shi hatsi, yunwa ba ta kashe iyalinsa ba. Amma ba shi da ikon neman wanda ya fi saye da daraja. Zangon ya fita hannun Jamusawa a 1754, littattafan bashi suka ci gaba a hannun waɗanda suka gaje su.

Da na ji haka jikina ya yi sanyi, don kuwa ni ma irin littafin da nake riƙe ke nan. Akwai wani manomi da ya rasu bara da bashin taki a kansa, da hannuna na soke sunansa na rubuta na ɗansa, yaron da bai ko yi aure ba. Ran nan ban ji kome ba. Tun da na komo kuwa, kullum na buɗe shafin nan sai in tsaya. Ina so malamai da 'yan'uwana akawuna su faɗa mini, in maigida ya ce a rubuta haka, akawu ya rubuta, laifin na wane ne?

Haza wasalam.

Wani Akawu, Kano.