Makon Yaƙin Kogi a Kebbe

Litinin

Yau aka shiga kwanakin atisaye. A Clash Royale, wasan katin da kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2016, makon yaƙin ƙungiyoyi kashi biyu ne: Litinin zuwa Laraba gwaji, Alhamis zuwa Lahadi fafatawa, inda ƙungiyoyi 5 ke tseren jirage a kogi ɗaya. Tamu ƙungiyar yawancinta 'yan cikin garin Kebbe ne, sai 'yan Kuchi, da wasu daga Tambuwal da Dogon Daji, da ɗalibanmu da ke karatu a Sakkwato. Shugabancin kuwa shekaru suka ba ni shi.

Bayan la'asar muka haɗu a rumfar mai cajin waya, na ce kowa ya nuna abin da ya tanada. Dokar yaƙin ita ce mutum ya haɗa jeri 4, kowane jeri kati 8, kuma katin da ya shiga jeri ɗaya ba ya shiga wani. Kati 32 ke nan. Ƙanena ya miƙo waya yana taƙama. Ya zuba Golem da P.E.K.K.A da Mega Knight a jeri guda, sauran ukun kuwa tarkace ne kawai.

"Yaya, wanga jeri ko aljani ba ya tsayawa gabanshi," in ji shi.

Na kira wani yaro mai ƙananan katuna, na ce su gwada. Yaron ya sako balan-balan mai jefa bam ta sama, ƙanena ba shi da abin harbo shi, yana ji yana gani hasumiyarsa ta rushe.

Talata

Yau na zaunar da su kan lissafi. Kowane kati yana da farashinsa na eliksa, ruwan nan mai launin shunayya da ke taruwa a ƙasan allo. Ɗigo ɗaya na zuwa duk daƙiƙa 2.8, ma'ajin kuma ba ya wuce 10. Golem kaɗai 8 yake ci. Wanda ya ajiye shi a farkon wasa ya rage da 2 a hannu, abokin gaba kuma ya afka wa ɗaya gefen. A minti na ƙarshe cikin minti 3 na wasan ne eliksa ke ninkawa, lokacin ne manyan katuna ke samun sarari.

Abin da na fi nanata musu shi ne kowane kati ya shiga jeri da aikin da zai yi. Dole a sami wanda zai kai hari kan hasumiya, irin Giant ko Hog Rider ko balan-balan ɗin jiya, waɗanda ba ruwansu da sojojin da ke gabansu, gini kawai suke nema. Jeri ɗaya ba ya buƙatar irinsu uku. Daga nan sai masu harbin sama, aƙalla biyu, domin kati 4 ne a hannunka a kowane lokaci, kuma mai harbin sama guda yakan maƙale a bayan layi daidai lokacin da ake nemansa. Sai mai share taro kamar Valkyrie, wadda ke juyi da gatari, ko da yake ƙasa kaɗai take duka. Sai tsafi biyu, ƙarami da babba. Jerin ƙanena kamar gayya ce da kowa ya zo da lauje, babu mai ɗaurin dami.

Ribar wasan tana cikin ciniki. Abokin gaba ya sako Minion Horde da eliksa 5, ka kashe su da kibau na eliksa 3, ka ci ribar 2. Ya sako rundunar ƙwarangwal da 3, ka murƙushe su da gungume na 2. Yaran nan a kasuwa sun san ribar naira hamsin a kan buhu, amma a waya sai su jefa Fireball kan ƙwarangwal uku don haushi.

Wahalar da ba mu warware ba ita ce rabon ƙananan tsafi. Kowa yana son gungume a kowane jeri, gungume kuwa ɗaya ne. Muka tsaya a kan gungume, Zap, kibau da gangar Barbarian, jeri ɗaya tsafi ɗaya.

Laraba

Wani ɗan kabu-kabu daga cikinmu ya zo da jerin da ya kwafo daga bidiyon ƙwararru, wanda ake kira 2.6: Hog Rider, Musketeer, Ice Golem, igwa, ƙwarangwal, Ice Spirit, Fireball da gungume. Jimlarsu eliksa 21, a raba 8, shi ne asalin sunan. Jeri ne mai kyau ƙwarai a hannun wanda intanet ɗinsa ba ya tangarɗa, domin duk tsaronsa ya dogara ne ga ajiye igwa a daidai gurbi, a daidai daƙiƙa. A nan Kebbe, da magariba ta yi kowa ya hau waya, sai ka taɓa kati ya yi jinkiri kafin ya sauka, kafin nan an ci hasumiya.

Ɗan kabu-kabun ya ce ai Mohamed Light, ɗan Masar ɗin da ya ci gasar duniya ta wasan a 2022, da katuna masu arha yake wulaƙanta mutane. Gaskiya ne ɗan Afirka ya kai can, kuma muna alfahari da shi. Amma ba a gindin darbejiya yake ɗaga waya sama yana neman sabis ba. Hukuncina: mai raunin sabis ya riƙe Giant ko Golem, ya tara sojoji a bayansa su tafi a hankali, domin jinkirin daƙiƙa ɗaya ba ya kashe irin wannan jeri. Masu gaggawar a bar wa 'yan Sakkwato.

Kawu ya same mu a haka. Ya leƙa allon, ya ga ƙato da guduma bisa alade, ya yi tsaki.

"Wanga wasa naku ba caca ba ne?"

"Kawu, Allah ya ƙara girma, ba a sa kuɗi a ci kuɗi. Hankali ake gwadawa."

"To, ku dai ku kiyayi lokacin salla."

Abin da ban faɗa masa ba shi ne ana iya sayen abubuwan ɗaga darajar kati da kuɗi. A ƙungiyarmu na hana yara yin haka da kuɗin albasar iyayensu.

Alhamis

An buɗe yaƙi. Nasara a karawar mutum da mutum maki 200 ce, faɗuwa 100. Wanda bai buga ba, sifiri. Na aika da wannan a zaurenmu na WhatsApp da murya, saboda ba kowa ke karanta dogon rubutu ba. Muka kwana a matsayi na biyu, bayan wata ƙungiya mai rubutu da Turkanci.

Juma'a

Girbin dawa ya kwashe rabin mutanenmu tun asuba. Bayan an sauko daga masallaci wasu suka buga jeri biyu, caji ya ƙare. Mun koma na uku.

Asabar

Na gwada karawar da ake yi sau uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara, kuma kowane zagaye da jeri dabam. A nan ne amfanin raba ƙarfi ya fito. Abokin karawata ya lallasa ni a zagayen farko da duk manyan katunansa, a na biyu da na uku kuwa ba shi da ko mai harbin sama na kirki. Ƙanena na gefe yana kallo, bai ce uffan ba, amma da dare na ga ya cire P.E.K.K.A ya mai da ita jeri na uku, ya sa mata Baby Dragon da Zap.

Gidan kallon ƙwallo ya cika da gasar Ingila, yaranmu na can. Na bi su har ƙofa, a hutun rabin lokaci na tsare su sai da kowa ya buga abin da ya rage masa.

Lahadi

Mun gama a na biyu. Da na duba makin kowa, wanda ya fi tara mana shi ne wani malamin firamare na Kuchi, mai katuna masu ƙaramar daraja, wanda bai bar jeri ko ɗaya ba tun Alhamis. Gwaninmu kuwa, wanda ya fi kowa kofuna, ya buga ranar farko ya ɓace. Ƙungiya ba ta ɗaukar fiye da mutum 50, kuma akwai masu jiran gurbi a Tambuwal, don haka na cire shi, na ɗaga malamin zuwa mataimakin shugaba.

'Yan ƙungiya, gobe Litinin atisaye zai dawo. Kowa ya zo rumfar caji bayan la'asar da jerinsa huɗu, wayarsa cike da wuta.