Darasi Daga Kwalbar Da Ba Zan Sha Ba

Kafin mai karatu ya ja tsaki ya juya shafi, bari in fara wanke kaina. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ina roƙon Allah kada Ya nuna mini ranar. Amma labarin wata gonar inabi ta masu yin giya a Faransa shi ya jawo mini saɓani da yayana a kan gonarmu ta gado, shi ya sa na ga ya kamata in ɗauki alƙalami.

Wani abokin aikina, malamin Faransanci, aka tura shi kwas a birnin Besançon. A can aka kai su yawon buɗe ido garin Arbois, inda shahararren masanin kimiyyar nan Louis Pasteur ya tashi. Da ya dawo sai ya ajiye mana wata 'yar ƙasida a ɗakin malamai, mai ɗauke da hoton kwalabe biyu, jar giya da fara, kowace da tambarin ganye a kan koren fili.

Na ce, "Malam, me ya haɗa mu da wannan?"

Ya ce, "Malam, bar kwalbar, dubi gonar."

Sa'an nan ya fassara mini. Tambarin nan shaida ce cewa ba a zuba wa inabin takin zamani ba, ba a kuma yi masa feshin maganin ciyawa ba. Kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye suke sawa, ciyawa kuwa nome ta ake yi. In cuta ta kama ganye, sai su nemi farar wuta, ko wani tsohon haɗi na tagulla da farar ƙasa da aka gano tun shekarun 1880. Manomin da ke son tambarin sai ya shekara uku cur bai sa wancan sinadari ba kafin a yarda da shi. Tun 2012 kuma Tarayyar Turai ta shimfiɗa ƙa'ida har a kan yadda ake sarrafa ruwan inabin, ta rage yawan sinadarin hana lalacewa da aka yarda a zuba. Bambancin ja da fara kuwa, ita ja da ɓawon inabin ake tsima ta, fara kuma ruwan kaɗai ake matsewa. Bugu da ƙari, tun 1936 doka ta kare sunan Arbois, ba mai liƙa shi a kwalba sai wanda ya noma inabinsa a wannan ƙasa, bisa ƙa'idarta.

Ina saurare sai na ji jikina ya yi sanyi. Ashe abin da Bafaranshe yake bugun ƙirji da shi, har ya tsawwala masa kuɗi, shi ne abin da na tashi na tarar Baba yana yi a ƙauyenmu na ƙasar Dawakin Tofa, ba tambari ba ƙasida. Da rani muke kwashe turken awaki da tokar murhu da sharar gida, mu loda a mangala, jaki ya kai gona, mu jera tsibi tsibi. Magabatanmu har birni suke kai itace a kan jakuna, su komo da taki. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, harawa ta koma wa dabbobi, kashinsu ya komo gona. Ga gawo, mai kaɗe ganyensa da damina, wanda Baba ya hana a sa masa gatari. Baturen nan masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero, ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda jama'a masu yawan gaske suke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin kuwa takin nan ne da haɗin amfanin gona da dabba.

Yau fa? Tun da Baba ya rasu Yaya ne ke riƙe da gandu, ni kuwa sai ƙarshen mako. Jakin an sayar, an sayi tankin feshi. Ciyawa ta mutu, amma tafasa da lalo da Inna ke tsinka a bakin gona su ma sun bi ta. Waken ma da magani ake adana shi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Su sun ƙi, mu kuwa shi muke dafa wa 'ya'yanmu.

Ranar wata Juma'a na tunkari Yaya da maganar. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Kai alli ka sani, ba fartanya ba. Wa zai biya 'yan ƙwadago? Awaki nawa gare ka da za su ƙosar da gonar nan?"

Na ce, "Yaya, gaskiyarka. Amma da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a 2022, buhu nawa muka iya saya?"

Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, domin kowannenmu ya taɓo inda ke wa ɗan'uwansa ciwo. Ba na musun cewa takin gida ba ya isa, kuma Bafaranshe yana da mai saye da ke biyan wahalarsa, alhali a kasuwar Dawanau ba mai tambayar yadda aka noma tiya. Mai iyali goma sha ba ya wasa da rumbu. Sai da Inna ta sa baki sa'an nan Yaya ya yanka mini wani ɓangare a gindin gawon Baba, ya ce in yi gwajina na shekara uku, in ya so mu ƙirga dami.

Daminar farko na sha kunya, geron nawa bai kai nasa ba, ga wuta-wuta ta yi mini sallama. Ban karaya ba. Na sayi tumaki biyu, na haƙa ramin tara shara a bayan gida, waken kuma na zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. A damina ta biyu tafasa ta dawo, Inna ta yi mana kwaɗonta, Yaya ya ci har da ƙari bai ce uffan ba.

Saura shekara guda. Ban san wanda zai yi wa wani dariya ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da na sani shi ne, ɗalibaina sun iya zana buhun takin zamani a jarrabawa, amma da yawansu ba su san amfanin gawo ba, kuma laifin har da ni. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Arbois ba su bar nasu ba. Abin da suke matsewa haramun ne a gare mu, amma riƙon da suka yi wa ƙasar iyayensu abin koyi ne.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu, amin.