Daga Gwandu Zuwa Kalgo a Kan Keke

Gwandu tsohon gari ne a Jihar Kebbi. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna a nan da jama'arsa a 1805, daga baya kuma garin ya zama mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya riƙe yammacin daular Sakkwato. Hubbarensa yana nan har yau, ko da yake Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi yake zaune yanzu. A 1853 Bajamushen nan matafiyi, Barth, ya sauka a garin a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. A zamanin nan fatake ba su tafiya ɗai-ɗai, sai cikin ayari, da jagaba a gaba, madugu kuma yana lura da kowa.

Yau mota da babur sun cika hanya, amma keke bai mutu ba. Da shi manomi yake zuwa fadama, da shi ake kai buhu kasuwa. In ka tashi daga Gwandu za ka Kalgo, sai ka miƙe yamma zuwa Birnin Kebbi, tafiyar kilomita 50 ko fiye, sa'an nan ka juya kudu. Daga nan Kalgo ba ta kai kilomita 20 ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama. A gefen Kalgo, kan hanyar Bunza, akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013.

Tun da babu manyan duwatsu da za a hau, babban abokin gāban mai keke a wannan hanya iska ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. A zuwa tana bayanka, tana tura ka, har ka ɗauka ƙarfinka ne. Sai a komowa za ka san gaskiya, gama a sa'an nan ƙirjinka take bugu.

Ga yadda abin yake. Mai keke yakan keta iska kamar yadda kwalekwale yake keta ruwa. In saurin iskar da ke bugun fuskarka ya ninka biyu, nauyinta a kanka yakan ninka huɗu. Misali kana gudun kilomita 15 cikin awa ɗaya, ranar da ba iska. Kashegari hunturu ya tare ka da gudun kilomita 15, watau yanzu 30 ke nan suke bugunka. Hanya ɗaya ce, keke ɗaya ne, amma turin da iska take yi maka ya zama riɓi huɗu. In kuma babbar rigarka tana kumbura, ko ka ɗaure buhu a gicce a kan kariya, abin ya ƙaru.

A nan ne amfanin ayari yake. Wanda ke gaba shi ke tsaga iska, ya bar wani wuri a bayansa inda ba ta da ƙarfi sosai. Na biyu, in ya matso kusa, sai ya fake a nan. Masu tseren keke sun daɗe da sanin wannan. A gudu irin nasu, na baya yakan rage wajen sulusin wahalarsa. A babban tseren Faransa, wanda aka fara a 1903, da na Burkina Faso, wanda aka fara a 1987, za ka ga mahaya sun dunƙule kamar garken tumaki. A 2018 masana a jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holan sun auna garke mai mahaya 121, suka tarar iskar da ke bugun waɗansu na can ciki ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na wadda ke bugun mai tafiya shi kaɗai ba.

To, mutumin da ke komawa Gwandu da buhun shinkafa ba tsere yake yi ba. Ranar da iska ta kwanta, bin bayan wani ba zai ƙara masa abin kirki ba, domin saurinsa kaɗan ne. Ranar hunturu kuwa ribar a fili take. In ku huɗu ne, sai ku jeru, na gaba ya ja na ɗan lokaci, kafin ya gaji ya kauce ya koma can baya ya huta, na biyu ya karɓa. Ta haka kowa rubu'in hanya kaɗai zai sha iska sosai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai a lura da inda iskar take fitowa. Daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi kun fuskanci arewa, tana zuwa ta damarku, mafakar kuwa tana bayan na gaba ta hagunsa, watau wajen tsakiyar titi inda motoci suke wucewa. Kada kwaɗayin mafaka ya kai ku can. Gara ku bi layi ɗaya a bakin hanya. Bayan Birnin Kebbi, da kun juya gabas, iskar takan koma hagu, mafakar ta dawo gefen hanya, ta fi sauƙin shiga.

Akwai kuma dokokin ayari. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar ɗan'uwanka ta baya, gama in sun goga kai ne za ka fāɗi. Keken da ba shi da birki mai kyau ya tsaya a ƙarshen layi, ya ba da tazara. Na gaba shi ne idon kowa: in ya ga rami, ko yashi, ko shanu za su ƙetare, ya ɗaga hannu ya yi magana, kada ya taka birki farat ɗaya. Ku riƙe famfo da kayan faci, domin tayar mutum ɗaya in ta sace, duka ne za ku tsaya.

Saurin ayari kuwa saurin mafi rauni ne a cikinsa. In akwai dattijo ko yaro, a sa shi a tsakiya, kada a ba shi gaba. Ƙaƙƙarfan saurayi zai ga kamar ana ɓata masa lokaci, ya zarce shi kaɗai. Sau da yawa a gindin wata bishiya za a tarar da shi yana haki, ayari kuwa ya zo ya wuce da shi, su shiga Gwandu tare kafin almuru.