Amanar sunaye

A unguwar Zango ta birnin Damagaram akwai wani dattijo, tsohon malamin lakwal, wanda ya share shekara talatin da biyar yana riƙe da alli kafin ya aje aiki. Har gobe ba mai kiransa da sunan yanka. Babba da yaro Mushe suke ce masa, domin da wuya a sami gida a layinsu wanda bai koya wa wani ɗansa karatu ba. Shi ne kuma magatakardan wata ƙungiyar raya al'adu da ya kafa tare da abokan aikinsa tun suna da sauran ƙarfi. A fahimtarsa, rubuta rahoton taro shi ne mafi ƙanƙantar aikin magatakarda. Babban aikin shi ne sanin inda kowa yake, da hanyar da saƙo zai same shi.

Sunayen mutanensa a wuri uku ya adana su. Na farko wani kaye ne mai baƙin bango, wanda ya fara cikawa tun zamanin da tarho sai a ofis ko gidan waya. A cikinsa har yanzu ana ganin lambobi masu alƙaluma shida, irin na kafin 2006, shekarar da Nijar ta koma lambobi masu alƙaluma takwas. A gaban lambobin Damagaram masu farawa da 51 ya bi da jan biki ya ƙara 20. Na biyu shi ne layin wayarsa ta hannu, wanda ya saya tun kamfanin yana amsa sunan Celtel, kafin ya zama Zain a 2008, sa'an nan Airtel a 2010. Na uku akwatin imel ne na Yahoo da ya buɗe a wani sibar kusa da kasuwar Dole, lokacin da malamai ke bin layi suna biyan kuɗin awa guda domin su karanta wasiƙa biyu. Bai taɓa jin cewa wannan rarrabuwa matsala ce ba, tun da kansa ne ke haɗa ukun.

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Labarin ya girgiza duk wani ɗan Damagaram na gida da na waje. Dattawan ƙungiya suka zauna, suka yanke shawarar a rubuta wa dukan membobi wasiƙa, a haɗa da hotunan tsofaffin gidajen Zango da suka tsage, a nemi kowa ya kawo shawara da gudummawa kafin wata damina. Membobin kuwa sun watsu: wasu suna Yamai, wasu Maraɗi da Agadas, wasu Kano, wasu har Faransa. Wasiƙa ce mai sa hannu da hatimi, wadda wasu za su miƙa wa hukumomi, saboda haka aka ce ta imel za a aika. A daminar nan ce kuma rufin ɗakin Mushe ya yi yoyo a kan ƴar wayarsa mai maɓallai, ta mutu murus. Ɗansa da ke aiki a Yamai ya aiko masa da sabuwa, irin wadda ake shafawa.

Jikarsa, ɗaliba a jami'ar André Salifou, ita ta karɓi aikin koya masa. Ta sa tsohon layin a sabuwar waya, ta buɗe masa asusun Gmail, ta taɓa alamar ambulan. Sai wani ɗan rubutu na Faransanci ya fito a tsakiyar gilashi, yana tambaya ko an yarje wa manhajar ta leƙa sunayen da ke cikin wayar. A ƙasa kalma biyu ce kawai: Autoriser, Refuser. Yarinyar ta kai yatsa za ta danna ta farko, kamar yadda ta saba yi sau ɗari ba tare da ta karanta ba, sai tsohon ya riƙe hannunta.

"Tsaya, amarya. Wa yake tambaya?"

"Kai yake tambaya mana, Kaka. Ai wayarka ce."

"Waya tawa ce. Sunayen fa, nawa ne?"

Ta yi dariya, ta ce angon nata ya faye tsoro, kowa haka yake yi. Shi kuwa ya ce a bar maganar ta kwana.

Wanda bai san Zango ba zai ɗauki wannan a matsayin gardamar tsufa. Amma unguwar tun asali a kan sanin mutane aka gina ta. Sunanta ma ya faɗa: zango ne, masaukin ayari, a arewa da ganuwar Birni. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, nan raƙuman Abzinawa ke durƙusawa da gishirin Bilma, nan fataken Gat da Gadamas da Tarabulus ke sauke kaya kafin su wuce Kano. Baƙon da ya iso ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Wurin fatoma yake sauka, mai masauki, wanda ya san wa ke biyan bashi da wa ke cinyewa, wa ke da fata da wa ke neman gashin jimina. Jarin fatoma shi ne sunayen da ke cikin kansa, kuma darajarsa tana ga yadda yake tsare su. Ba ya gaya wa kowane mai wucewa inda baƙonsa ya kwana, ko nawa ya zo da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya ja baya, an ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, amma tarbiyyar nan ba ta bi ayari ta tafi ba. A cikinta Mushe ya tashi.

A daren nan ya buɗe kayensa ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Akwai membobin ƙungiya, waɗanda suka ba da adireshinsu domin a riƙa rubuto musu. Amma a layin wayar akwai wasu da yawa da ba su da alaƙa da ƙungiya: matan aure na cikin kulle da suka ba shi lamba saboda karatun ƴaƴansu, gwauruwar wani abokinsa da yake kai wa ɗan taimako ba tare da kowa ya sani ba, wani tsohon ɗalibi da ya gudu daga gida wanda shi kaɗai ya san inda yake. Kowane ɗayansu hannu da hannu ya ba shi lambar, domin wata bukata sananniya. Ba wanda ya ce masa ya miƙa ta gaba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wayar ta nemi izini wurin mai ajiya, alhali masu kayan ba su san ana zancen ba.

Washegari jikar ta dawo, ta riga ta yi tambaya wurin abokan karatunta, ta zauna ta warware masa zaren. Ta ce suna a irin wannan waya yana iya zama a ɗaki uku: a kan layi, a cikin cikin wayar, ko a cikin asusu, wato a manyan kwamfutocin kamfani da ke wata ƙasa. Izinin da aka nema na leƙa abin da ke cikin wayar ne, domin in ya fara rubuta harafin farko na suna manhajar ta cika masa saura. Tun 2015 wayoyin Android suke yin irin wannan tambaya a lokacin da bukata ta taso, kuma ana iya janye izinin daga baya a wurin saituna. Amma kwashe sunaye a zuba su a asusu wani mataki ne daban: abin da ya hau can yana nan har sai an shiga an goge shi, kuma amfaninsa shi ne ko waya ta faɗa rijiya sunayen ba su bi ta ba. Sa'an nan ta faɗi abin da ya sauƙaƙa komi. Layi ba ya ɗaukar komi sai gajeren suna da lamba, guda ɗari biyu da hamsin ko kusa da haka, ba adireshin imel a ciki. Ko da ya danna Autoriser jiya, manhajar ba za ta sami ko mutum ɗaya da za ta aika wa wasiƙa ba. Adireshin da ake nema suna can cikin tsohon akwatin Yahoo.

Nan take Mushe ya ga hanyarsa. Ya aika aka sayo masa ƴar ƙaramar waya mai maɓallai a kasuwar Dole, ya mayar da tsohon layin cikinta da duk amanar da ke kansa. Sabuwar waya aka sa mata sabon layi, ta zama ta ƙungiya. Suka hau kabu-kabu zuwa wani sibar, ya rubuta kalmar sirrin da ya shekara ashirin yana riƙe da ita, aka turo lambar tabbaci a tsohon layin, akwati ya buɗe. Yarinyar ta fitar da littafin adireshin gaba ɗaya a fayil guda irin wanda ake kira CSV, ta buɗe shi a kwamfuta, sai ga sunaye jere cikin gidaje kamar rajistar aji. Ta ce saura a ɗora shi a shafin sunaye na Google, minti ɗaya ya isa. Ya ce rajistar da ba a yi kiran suna da ita ba ai ba rajista ba ce. Ya sa aka buga masa a takarda, ya tafi da ita gida.

Kwana uku ya yi a kanta, da jan biki a hannu. Layuka ɗari huɗu da ƴan kai ne, amma mutanen ba su kai haka ba. Mutum guda sai ya fito sau uku: Ousmane a rubutun lakwal, Usman a rubutun Hausa, sa'an nan da laƙabinsa na unguwa. Wasu sunaye masu ƙugiya sun rikiɗe sun zama alamomin da ba mai iya karantawa. Jikar ta ce akwai wurin da na'ura ke haɗe masu kama da juna da kanta. Ya ce na'urar ba ta san cewa Aboubacar biyu da ke Maraɗi, masu sunan uba ɗaya, ɗaya ɗan'uwan marigayi shugaba ne ɗaya kuma wanda suka yi shari'ar fili da shi ba. In ta haɗe su, wasiƙar wani za ta faɗa hannun wani.

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne matattu. Ya ƙirga talatin da bakwai. Ga wanda suka fara koyarwa tare a wani ƙauye na Damargu, ga mai kidan da ke raka ƴan wasan kwaikwayonsu, ga ma'ajin farko. Adireshinsu na nan daram, ba abin da ya nuna cewa masu su sun yi shekaru a ƙasa. Jikar ta tambaya ko ta goge.

"Goge su a na'ura, amarya, kada wasiƙa ta je ta tayar wa iyalansu da ciwo. Amma ba ni minti ɗaya a kan kowane."

Kowane suna sai ya karanta shi a bayyane, ya yi masa addu'a, ya duba ko yana cikin kaye. In babu ya rubuta shi a shafukan baya, sa'an nan ya ja layi a takarda. A nan ne kuma ya gano wasu rayayyu goma sha ɗaya da ya yi fiye da shekara biyar bai ji ɗuriyarsu ba, huɗu daga cikinsu a nan cikin Damagaram, tsakanin Birni da Garin Malam. Kunya ta kama shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Shi kuwa ya bar suna a akwati yana ganin kamar ya riƙe mutum. Waɗannan huɗun bai rubuta musu ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi su gida-gida da wasiƙar a aljihu.

Mutum ɗari da tamanin da biyu suka rage. Aka ɗora fayil ɗin, sunaye suka sauko cikin sabuwar waya, tambayar nan ta sake fitowa, wannan karo shi da kansa ya danna Autoriser. Sai dai ya hana a jera adireshin a fili a saman wasiƙa. Aka zuba su a gidan ɓoyayyen kwafi, wanda Faransanci ke yi wa alama da Cci, domin kada kowa ya ga na kowa. A ƙarshen wasiƙar, bayan maganar gidajen da suka tsage, ya ƙara sakin layi guda: ana sanar da kowane memba cewa an mayar da adireshinsa daga tsohon akwati zuwa sabo, wanda bai yarda ba ya faɗa a cire shi. Wani tsohon ɗalibinsa, ma'aikacin shari'a a Yamai, ya amsa yana cewa abin da Mushe ya yi shi ne ruhin dokar kare bayanan mutane da Nijar ta kafa a 2017. Mushe ya ce shi bai karanta dokar ba, a zauren kakansa ya ji ta. Mutum biyu suka nemi a cire su, aka cire, ba a tambaye su dalili ba.

Darasin da ke nan ya shafi duk wanda ke riƙe da sunayen jama'a: darektan lakwal mai lambobin iyayen yara, magatakardan ƙungiya, shugabar matan unguwa mai tara kuɗin adashi. Na'ura ta iya kwashe suna dubu cikin ƙiftawar ido, kuma wannan alheri ne, domin kaye yana jiƙewa, waya tana mutuwa, kan tsoho ma yana mantuwa. Abin da ba ta sani ba shi ne dalilin da ya sa aka ba da kowane suna, da iyakar inda mai shi ya yarda ya kai. Wannan sani yana wuyan mai ajiya, kuma ba maɓallin da zai sauke masa shi. Kafin a danna, ya kamata a tsaya a tambayi kai abu uku: sunayen wa ke ciki, ina za su, kuma masu su sun sani?

Amsoshi suka riƙa shigowa har bayan sallar isha'i, wayar tana ƙara a kan tabarma. An sami abin da ya isa a yi wa gidaje biyu yaɓe kafin damina ta gaba. Mushe yana yawo yanzu da waya biyu, babba a aljihun gaba, ƙarama a na gefe, kayen kuma ya naɗe shi cikin leda ya sa a akwatin ƙarfe, nesa da inda rufi ke yoyo. Jikar tana yi masa tsiya cewa ango ya yi mata kishiyoyi har uku. Shi kuwa cewa yake kowace da ɗakinta, kuma ba a shiga ɗakin wata sai da sallama.