Sahun Asuba A Fagge



A zangon karatun nan kaɗai, ɗalibai huɗu suka bar ajina na Islamiyya a Fagge. Ba lalaci ya fitar da su ba, tsadar gida ce. Mahaifin ɗayansu da ya zo sallama ya ce da ni: "Malam, mai gidan ya sayar, za a rushe a yi shaguna. Mun samu ɗaki biyu a Rijiyar Zaki."

Ban ga laifin mai gidan ba. Unguwarmu maƙwabciyar Kantin Kwari ce, inda fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru suke sauka neman atamfa da shadda. Ɗan kasuwa kuwa so yake ya raɓi 'yan'uwansa, domin a nan mai saye yake. Ɗakin da magidanci yake biya da ƙyar, mai diloli zai ninka kuɗinsa ya mayar da shi sito. Duk shagon da aka buɗe yana jawo wani, ƙasa ta ƙara daraja, wani gidan kuma ya tashi. Wanda ya tashin bai rabu da kasuwar ba. Kullum zai biya kuɗin adaidaita sahu ya dawo neman abinci a layin da aka haife shi.

A masallacinmu na fi ganin abin. Da azahar har kan titi ake shimfiɗa tabarmi, mafi yawan fuskokin ban san su ba. Da asuba kuwa, yau mun yi salla sahu na biyu bai cika ba.