Daga Daura zuwa Matamaye, inda gawo ke bar wa gero rana

Cikin watan Agusta muka tashi daga Daura, muka tsallaka iyaka ta Kongolam, muka nufi Matamaye a jihar Damagaram. Damina ta zauna, gero ya wuce ƙugu, ko'ina kore shar. Sai dai a tsakiyar gonakin ga manyan itatuwan gawo tsaye, rassa tsirara, babu ganye.

Na ce wa dattijon da ke gefena a mota, "Baba, fari ne ya kashe su?"

Ya ce, "Ina! Lafiyarsu lau, yaro. Gawo ya bar wa gero rana ne. Bari kaka ta wuce ka ga ganye."

Wannan magana ta Baba ilimi ce tsantsa. Ganye shi ne madafar shuka. Saiwa na jawo ruwa daga ƙasa, ganye na shaƙar iskar kabon dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, sannan sinadarin nan mai sa shi kore, wato kulorofil, ya kama hasken rana. Da ƙarfin hasken ake haɗa ruwan da iskar su zama sukari, a saki oksijin da muke numfashi da shi. Sukarin ne ke komawa sitaci ya cika tsabar zangarniya. Tun 1779 wani likita ɗan Holand, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa sai da haske ganye ke fitar da iskar oksijin.

Gero kuwa, shi da dawa da masara, ba sa gajiya da rana. Shuka su ƙarƙashin mangwaro ka ga yadda za su yi tsawo a rame. Gawo ya bambanta: yana kakkaɓe ganyensa da damina, ganyen ya zama taki, haske ya sauka kan gero. Da rani, gona ta zama fili, sai ya tofo ya yi nasa girkin da ruwan da doguwar saiwarsa ke kamowa can ƙasa, 'ya'yansa kuma su ciyar da awaki.

Daga iyaka har Matamaye ban daina ganin ƙananan gawo da aka sassabe aka bari ba. Da irin wannan reno manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Manomanmu na Katsina da Jigawa, in an zo sharar gona bana, don Allah a tsallake tsiron gawo.